Bangon da Aka Gina a Cikin Faifai

Rana ta riga ta faɗa bayan dogon benen da ke kallon gidan, sai ɗan ja da ya rage a gefen tankin ruwa. Auta tana kwashe shanya daga igiya tana ɗorawa a kafaɗa. Goggo, ƙanwar maigidan, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar matarsa, tana alwala a bakin famfo, tana yi wa buta faɗa saboda yoyo. A falo kuwa Yaya, babban ɗan gidan, yana durƙushe a ƙarƙashin tebur yana haɗa wayoyin kwamfutar da ya karɓo daga wurin mai gyara. Mahaifinsa na tsaye a kansa, hannaye a baya.

Mai-awo ake kiran mahaifin, domin awon filaye ya yi har ya yi ritaya. Mutum ne da bakinsa bai saba da cewa "kusan" ba. Kwamfutar tasa ce tun yana aiki. Ta tsufa, sai ta yi nishi kafin ta buɗe, shi kuwa Yaya zanen gidaje yake yi, yana bukatar mai sauri. Da ƙyar uban ya yarda a sauya mata kayan ciki: babban allon da komai ke manne a kansa, da ƙwaƙwalwar, da fanka, har da akwatin. Abu ɗaya ya hana a taɓa, shi ne tsohon faifan ajiya. A cikinsa hotunan marigayiya suke, da bidiyoyinta, da muryarta. Wayarta ta lalace tun kafin rasuwarta, babu wani kwafi a ko'ina. Kullum bayan sallar magariba yakan zauna ya buɗe wani bidiyo guda, wanda take zaune a kujerar falo tana yi masa tsiya, wai yana auna sukari da cokali kamar mai rabon gado. Ya kalla, ya rufe, ya tashi.

Don haka da ƙafarsa ya je shagon mai gyara, ya faɗa masa a gaban ɗansa, dalla-dalla: a mayar da faifan cikin sabon akwati yadda yake, kada a ƙara masa, kada a rage. Mai gyara yana ɓare gyaɗa, idonsa a kan waya, ya ce, "Ba komai, Baba." A riƙe wannan amsar da kyau, domin daga gare ta duk abin da ya biyo baya ya fito.

Yaya ya danna. Fuskar kwamfutar ta kawo haske nan take.

"Ka ga gudu, Baba? Waccan kafin ta buɗe sai mutum ya sha shayi ya wanke kofi."

"Ina uwarku?"

"Tana nan." Ya ja linzamin kwamfutar ya nuna masa. "Ga kayanta gaba ɗaya."

Mai-awo ya sa tabarau ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo.

"Me ya sa nake ganin faifai biyu? Ɗaya na kai masa."

"Ɗaya ne, raba shi ya yi gida biyu. Sabon allon ba ya karɓar tsohon tsari, sai an zuba sabo. Shi ne ya yi fatishan, kamar bango a tsakiya. Ya kwashe kayan Umma ya kai ɓangaren can, ya share na nan ya zuba sabon tsarin. Ko hoto ɗaya bai ɓata ba."

"Na ce a raba?"

"Haka ake yi, Baba."

"Ban tambaye ka yadda ake yi ba. Na ce a raba?"

Kafin Yaya ya sami amsa, wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ƙaramin dutse ne, ya gangaro a hankali har ya faɗi a tsakar gida. Suka ɗaga kai. Na biyu ya biyo baya, sannan na uku. Daga nesa ladan ya fara kiran salla. A cikin shirun da ke tsakanin kalmomin kiran ne suka ji wani sauti daban, daga cikin sabon akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya tsaya. Ya sake. Kamar ƙaramin hannu yana buga ƙofar da ta fi ƙarfinsa.

A waje, Goggo ta ɗago ta ga kayan shanya zube a ƙasa. Auta tana tsaye a tsakiyarsu, ta juya wa igiya baya, ta kafa wa tagar falo ido.

"Ke, wankin da na sha wahalarsa kika zubar? Wa kike kallo?"

"Goggo," in ji Auta, muryarta can ƙasa, "wani yaro ne yake kuka."

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da zarar inuwar benen nan ta rufe tsakar gida, sai jifa ta fara. Maƙwabta suka hau katanga, suka leƙa lungu, suka tsare samarin layi, ba a ga kowa ba. Duwatsun ba su taɓa samun mutum ba, amma wanda ya ɗauka sai ya ji su da ɗumi kamar an ciro su daga hammata. Bugun kuwa bai daina ba. Yaya ya kashe kwamfutar, yana nan. Ya zare wayar wuta daga bango, ya naɗe ta, ya ɗora a kan tebur inda kowa zai gani. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Auta ta daina zuwa makaranta. Yarinya ce mai surutu, wadda ba ta barin Goggo ta gama magana, yanzu sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Ta riƙa bin bangayen gidan tana manna kunne, ta ƙwanƙwasa, ta saurara, ta matsa gaba. Abinci sai an yi mata ɗura. Wata safiya Goggo ta shiga ɗakinta ta tarar ta kankare fentin bangon da ya raba ɗakin da falo, har siminti ya fito, farcenta duk jini. Aka kai ta asibiti. Aka ɗebi jini, aka haska ido, aka ce babu zazzaɓi, babu komai, a ba ta hutu. Suka dawo da ita da maganin barci wanda bai sa ta barci ba.

Yaya ya sayo filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya ce bari ya kwashe kayan Umma ya fitar, sannan a yar da faifan kowa ya huta. Da ya fara, sai kwamfutar ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Ya canza rami, ya aro wani filash wurin abokinsa. Wannan karon da ya zare shi sai da ya yar, don ya ƙone masa yatsa. Bidiyon kujera ma ya daina buɗewa. Mai-awo ya zauna bayan magariba kamar kullum, ya danna, ya danna, fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa ƙirin, bugun na fitowa daga ƙarƙashin tebur.

Washegari ya sa hularsa ya koma shagon. Ya tarar da mai gyara da wata kwamfutar a buɗe a gabansa, abokansa biyu na zaune a benci.

"Me na ce maka ranar da na kawo maka faifaina?"

"Baba, sannu da zuwa. Wani abu ya ɓata ne?"

"Me na ce maka?"

"Ka ce kada a taɓa kayan ciki. Ban taɓa ba."

"Na ce a mayar da shi yadda yake. Ka raba shi. Da izinin wa?"

Mai gyara ya yi murmushi ya dubi abokansa. "Baba, aikin ne haka. Wannan bugun da kake ji, haka tsohon faifai yake yi in ya kusa mutuwa. Ku sayi sabo. Ba komai."

Ya kamata a faɗi wannan a fili. Ba jahilci ne laifin mutumin nan ba, ya san aikinsa. Laifinsa shi ne an ba shi amanar abu da sharaɗi, ya ga sharaɗin ba zai yiwu ba, yana da lambar maigidan a wayar da ba ta barin hannunsa, amma bai ga dattijon ya kai a kira shi a tambaye shi ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hana mutane shiga filin juna da taƙi ɗaya, shi aka ja wa layi a cikin kayansa, aka kuma yi masa dariya a gaban 'yan benci. Ya juya ya fita bai yi sallama ba.

Goggo ce ta fara lura. Tana zaune a gefen katifa, kan Auta a cinyarta, ƙofar falo a buɗe. Ta ji bugun, ta ga ƙirjin yarinyar ya ɗaga. Bugun ya tsaya, ƙirjin ya tsaya. Ta sa hannu ta jira. Sai da bugun ya dawo numfashin ya dawo. Kuma tazarar da ke tsakani ta fi ta jiya tsawo.

"Yayana," ta kira Mai-awo, "zo ka ga. Ka bar maganar shago, ka nemo malami."

Malam ya zo bayan la'asar. Tsoho ne siriri, mai karantar da littattafai a ɗakin gefen masallaci, ba ya sauri a tafiya, ba ya sauri a magana. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya sa aka kawo Auta falo aka kwantar da ita, Goggo ta lulluɓe ta. Ya saurari bugun na ɗan lokaci, kansa a sunkuye. Sannan ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya sauko daga bango zuwa ƙasa. Yatsun Auta suka fara motsi, sannan wuyanta ya sandare. Ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba. Idanunta a buɗe, amma ba nata kallon ba ne. Da ta buɗe baki, muryar babbar mace ce ta fito, a dushe, irin ta wadda ta yi kuka har kukan ya ƙare.

"Ya isa, Malam. Ina jin ka."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya."

"Maƙwabciya ba ta shiga jikin 'yar mutane."

"Maƙwabci ma ba ya gina bango a tsakiyar ɗakin mutane."

Malam ya ajiye carbi a gwiwa. "Yi bayani."

"Mu ba ma zama inda ake zama. Kufai muke nema. Faifan nan babba ne, maigidan nan bai cika ko rabinsa ba. Sauran duk fili ne, ga duhu, ga ɗumi, babu mai shiga. Tun yarinyar nan tana firamare nake ciki. A nan na haihu." Kan Auta ya juya a hankali wajen mahaifinta. "Mai-awo, na taɓa ɓata maka hoto ɗaya? Na taɓa shiga gefenka?"

Mai-awo ya girgiza kai.

"Ranar da aka ɗauke mu, na fita, na bar ɗana yana barci a can ƙurya. Na dawo na bi sawu har shago, har cikin sabon akwati. Na tarar da bango. Yana can ciki tare da kayan matarka, ni ina nan waje. Shi ne kuke ji."

"Bango ba ya tare irinku," in ji Malam.

"Wannan yana tarewa. Wanda ya gina shi, da bismillah ya danna."

Kowa a ɗakin ya san abin da aka rufe da sunan Allah ba ya buɗuwa ga aljani. Mai gyara kuwa al'adarsa ce, ba ya danna wani babban abu sai ya ambaci sunan Allah. Bakin da ya tuna da wannan, shi ne ya kasa tambayar mai kaya.

"An zalunce ki," Malam ya ce daga baya. "Amma ba yarinyar nan ta zalunce ki ba. Marainiya ce. Ki fita, ko in ci gaba da karatu. Kin san abin da zai yi miki."

"Ci gaba. Uwa ce ni, wutar da ke cikina ta fi taka. Amma ka sani, na ɗaure numfashinta da hannunsa. Duk lokacin da ya buga, ta shaƙa. Ran da ya gaji, ta gaji."

Goggo ta toshe baki da mayafi.

"Kwance," in ji Malam.

"Ba ya kwantuwa sai na riƙe shi a hannuna. Da na san haka abin zai kai, da ban ɗaura ba. Na yi jifa ba ku gane ba. Na hana ku fitar da komai ba ku gane ba. Me ya rage mini?" Muryar ta karye. "Bai sha komai ba tun ranar. Ba zai kai isha ba, Malam. Wanda ya gina, shi zai rushe."

Ƙwas. Suka jira na biyu. Ya daɗe kafin ya zo.

Mai-awo ya fita ba hula, abin da ba a taɓa gani ba. Waɗanda ke bakin titi sun gan shi yana dawowa riƙe da wuyan hannun mai gyara, yana jan sa kamar ɗan makarantar da ya gudu, shi kuwa yana ta cewa bai rufe shago ba. Da suka shiga falo, mai gyara ya ga wayar wuta naɗe a kan tebur, ya ji bugun, ya ga idanun Auta a kansa. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Kai ne magini," in ji muryar.

Ya zauna a kujerar da ke gaban tebur ba wanda ya ce masa ya zauna. Yaya ya jona wuta ya kunna.

"Za ka iya cire bangon?" Malam ya tambaya.

"Zan iya." Ya dubi Mai-awo. "Amma ba ya ciruwa haka kawai. Sai an share ɓangaren can gaba ɗaya, sannan a haɗe shi da na nan. Duk abin da ke ciki zai tafi."

"Kayan Umma," in ji Yaya.

"Sharewar ba za ta cutar da ɗanki ba?" Malam ya tambayi muryar.

"Shara ba ta taɓa mu. Kufai take mayar da wuri."

Malam ya gyara zama. "To ga shawara. Ki janye hannunki, a kwashe kayan baiwar Allah a fitar, sannan a rushe. Ke ki sami naki, su su sami nasu."

"Na janye. Tambayi magini yaushe zai gama."

Mai gyara ya duba, ya share gumi. "Faifan ya gaji, da ƙyar yake juyawa. Kaya ne masu yawa. Sai dai gari ya waye."

Ɗakin ya fara duhu, babu wanda ya tuna da kunna fitila. Ƙwas. Ƙirjin Auta ya ɗaga kaɗan. Leɓunanta sun bushe, sun fara canza launi. Mai-awo ya durƙusa a gabanta, tsoho mai furfura, a gaban 'yarsa da abin da ke cikin 'yarsa.

"Baiwar Allah, ki ji ni. Ni ban sa a yi miki bango ba. Ni ma ba a tambaye ni ba. Wannan ne kaɗai abin da ya rage mini nata. Ki ce masa ya daure zuwa safe."

"Ka ce wa taka ta daure."

Ya dubi Malam. Malam bai kauce wa idonsa ba. Sai Malam ya juya ga muryar.

"Abu ɗaya ƙarami fa? Wanda ba zai ɗauki lokaci ba. Kin zauna a gidan mutum shekaru, bai kore ki ba. Ba a fita haka hannu sake."

Daga nesa aka ji ladan yana gwada lasifika.

"Ɗaya," in ji ta. "Ni zan zaɓa."

"Na kujera," Mai-awo ya ce da sauri. "Wanda take zaune a nan, tana maganar sukari. Shi nake so."

"Na san shi. Na ji shi fiye da kai. Ba shi ba."

Yaya ya sa filash. Hannun mai gyara yana kan cinyarsa, kowa ya gani, amma ɗan kibiyar da ke fuskar kwamfutar ya motsa da kansa. Ya wuce hotunan biki, ya wuce na suna, ya wuce bidiyon kujera bai tsaya ba. Ya gangara can ƙasa, ya tsaya a kan wani ɗan fayil da ba a ma sa wa suna ba. Kafin a ƙifta ido ya shige filash.

Mai-awo ya gane shi. "Wannan ai ɓatacce ne. Wayar ce ta kunna kanta a hannunta, ƙasa kawai ta ɗauka. Babu fuskarta a ciki. Ki bari in canza."

"Saurara," in ji muryar.

Suka saurara. Babu bugu. Goggo ta ɗora kunne a ƙirjin Auta, ta ɗago, bakinta na motsi babu sauti.

Mai gyara ya riga ya buɗe inda ake sharewa. Kibiyar na kan wurin dannawa, yatsansa a kan linzami. Ya waiwayo.

"Baba... in danna?"

Mai-awo ya dube shi. Duk wanda ya ga wannan kallon bai manta da shi ba.

"Yanzu kake tambaya," ya ce. Sannan ya rufe ido. "Danna."

"Ka yi bismillah," in ji Malam. "Da sunansa aka rufe, da sunansa za a buɗe."

Ya yi, ya danna. Gida biyun da ke fuskar kwamfutar suka zama fili ɗaya, dogo, fari, babu komai a rabinsa. Hotunan aure, da na ranar da aka haifi Auta, da kujera da sukari da cokali, duk suka tafi ba tare da ko ƙara ba.

Wata siririyar ajiyar zuciya ta fito daga cikin akwatin, irin ta yaron da aka ɗauka bayan dogon kuka. Hannayen Auta suka naɗe a ƙirjinta kamar mai rungume da wani abu. Ta ja numfashi mai tsawo, da kanta.

"Ga shi," muryar ta ce, ƙasa-ƙasa. "Ya rame. Dubi yadda ya rame."

"Alkawari," in ji Malam. "Ki rantse da wanda ya halicce mu da ku, ba za ki dawo jikinta ba, ba za ki dawo gidan nan ba."

"Na rantse."

"Ina za ki?"

"Inda babu masu gyara." Ta dubi Malam. "Na kwance ta. Amma ta yi nisa, Malam. Ba ni na kai ta ba, tsoro ne ya kore ta, ta shige can ciki ta ɓuya. Ku kira ta. Ku yi sauri, duhu na yi."

Ɗan yatsan ƙafar Auta na hagu ya karkaɗa. Ta yi atishawa, ta koma baya a jikin Goggo. Labulen taga ya ɗaga ya sauka, ba iska.

Tana numfashi. Idanunta a buɗe, amma babu kowa a bayansu. Mai-awo ya riƙe fuskarta ya kira ta. Goggo ta kira, da lallashi, da faɗa, da sunan wasan da take kiranta tun tana goye. Yaya ya girgiza kafaɗarta. Malam ya tofa a ruwa ya shafa mata. Ladan ya fara kiran magariba, yarinyar tana kallon silin, kamar gidan da aka bar ƙofarsa a buɗe aka yi ƙaura.

"Auta, Babanki ne," Mai-awo yake ta cewa. "Na ba da duka. Babu abin da ya rage da zan bayar. Ki dawo."

Malam ya ɗago kai. "Me ta bar muku?"

Yaya ya miƙe ya buɗe ɗan fayil ɗin. Hoton yana rawa. Simintin tsakar gida ne, da bakin silifas, da gefen zane. Ana jin kiran salla daga nesa, irin wanda ake yi a waje yanzu. Sai murya ta fito daga lasifikar kwamfutar, da ƙarfi, da gajiyar mai aiki, muryar da gidan ya yi shekaru bai ji tana kira ba.

"Auta! Ke Auta! Shigo gida haka nan, magariba ta yi."

Idanun yarinyar suka ƙifta.

"Na'am, Umma," ta ce. "Ga ni nan zuwa."

Ta dubi Goggo, ta dubi yatsunta da aka naɗe da bandeji, ta dubi mahaifinta a durƙushe ba hula, ta fashe da kuka. Kukanta ne, da muryarta.

Ba a sake jifa ba. Auta ta koma makaranta, ta koma katse Goggo a tsakiyar magana. Faifan ma bai mutu ba, yana nan yana aiki shiru.

Mai gyara ya sulale a daren ana cikin koke-koke. Yana faɗa wa 'yan benci wai faifan dama ya kusa mutuwa, shi taimako ya je yi. Ya aiko da sabon faifai kyauta, Mai-awo ya mayar masa a cikin ledarsa. Ba faifai yake nema ba. Abin da yake nema bai fi a faɗa da numfashi ɗaya ba: mutumin ya tsaya a gabansa, a gaban waɗanda ya yi masa dariya a gabansu, ya ce, "Da na tambaye ka." Har yau bai faɗa ba. Dattijon yakan biya ta shagon, ya tsaya a bakin ƙofa, hannaye a baya, ya jira, sannan ya wuce. Haƙƙinsa ne, kuma ba zai daina zuwa ba.

Bayan magariba yana nan yana zama a gaban tebur kamar da. Ya buɗe ɗan bidiyon. Siminti, bakin silifas, gefen zane. Muryar ta kira, daga kicin Auta ta amsa, domin ba ta taɓa iya yin shiru ba in ta ji. Shi kuwa yakan matso da fuskarsa kusa, ya gyara tabarau, ya kalla har ƙarshe, ko hannun zai ɗago da wayar sama kaɗan.